Hon a Tsakiyar Addu'ar Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar ukun surukina ba, ko da yake na so in manta. Ni mutum ne mai son a yi abu bi da bi, kuma wannan halin ne ya kai ni ga abin da zan faɗa.

Allah ya yi wa mahaifin matata rasuwa a Aujara cikin tsakiyar bazara. Ranar jana'iza mun je mun dawo a tsohuwar motata, gumi na zuba, domin esi ya daina sanyi. Matata ga kuka ga hawan jini, ga Gwaggonta tsohuwa da ke zaune tare da mu a Limawa cikin Dutse. Na ƙudurta cewa ranar uku a cikin sanyi zan kai su. Mai gyaran wayoyin mota ya ce in kawo motar jibi. Jibin kuwa ita ce ranar addu'a. Sai na naɗe hannun riga.

Na buɗe bonet na kunna esi, na ga fankar da ke gaban lagireto ba ta motsi. Da farko na duba fiyus, lafiya lau. Daga nan na jona fankar kai tsaye da batir, ta juya kamar sabuwa. Saura waya ke nan. Na bi ta da yatsa har ƙarƙashin fitila, na tarar ɓera ya yi ɓarna: wayoyi uku ya datse. Duk sun koɗe, launinsu ya zama ɗaya. Na haɗa ta farko, fanka ta tashi, sanyi ya fara fitowa. Sauran biyun na haɗa kowace da bakin da ya fi kusa da ita, na naɗe da salatif. Na wanke sifanoni na jera su a akwatinsu, ƙarami gaban babba, na ajiye a ɗaki.

"Baban Hafsa, ka tabbata kuwa?" in ji matata.

"Ni na gyara," na ce. (Da wannan amsar na saba rufe magana a gidana.)

Ranar uku muka kama hanya cikin sanyi, har Gwaggo ta ja mayafi tana sa mini albarka. A wani ƙauye awaki suka shigo titi, na danna hon, ban ji komai ba sai wani "fuuu" daga gaba. Na ce a raina in mun dawo na duba.

Mun isa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Saboda ƙafar Gwaggo na kai motar har gindin darbejiya, dab da inda liman yake zaune. Na kashe, na zare makulli, mata suka shige ciki, na sami wuri a sahun gaba kamar yadda ya kamaci babban suruki.

Liman ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Ya ambaci sunan mamacin ke nan sai hon ya ɓarke. Ba irin na "ba ni hanya" ba, dogo ne wanda ba ya numfashi.

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma na juya na haɗe fuska, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wane marar tarbiyya ne wannan?"

Ƙanen matata, Sabo, ya sunkuyo ya ce, "Yaya, ai motarka ce."

Na tashi na tsallake dattawa, takalmi ƙafa ɗaya. Na nuna wa jama'a makullin a hannuna (har yau ban san me nake son su gane ba). Na bubbuga sitiyari, abin bai fasa ba. Na buɗe bonet in cire kan batir, sai na tuna inda sifanoni suke. Mata suka leƙo daga zaure, wata tana salati, ta ɗauka wani abin ne ya sake faruwa. Wani tsoho ya ce, "Malam, ko tura ta za a yi gaba?" Haka aka yi. Samari suka tura, ni ina riƙe da sitiyari, muka ratsa layin tana ihu har bakin masallaci, sannan ta yi shiru don kanta.

Daga baya mai gyaran waya ya nuna mini abin da na yi. Wayar da ke kai wa fanka wuta idan inji ya ɗauki zafi, ko da an kashe mota, ita na ba hon. Ta hon kuma na ba fanka.

Ba wannan ne ya dame ni ba. Kafin in dawo kan tabarma an shafa fatiha, mutane sun fara miƙewa. Mutumin da ya ba ni 'yarsa ina ƙaramin ma'aikaci ba ni da ko keke, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ban sami cewa amin ko ɗaya a addu'arsa ba, kuma na hana na kusa su ji. Da na shiga gaida surukata ta ce, "Ba komai, ɗana, Alhaji ma da yana nan dariya zai yi." Na fi son da ta yi mini faɗa.

Muka kama hanyar komawa Dutse. Matata ta miƙa hannu ta kashe esin, ta sauke gilashi.

Yanzu in na gyara abu, har wanda ban gyara ba sai na gwada. In kuwa na ji hayaniya a taro, ba na tambayar wane ne sai na leƙa inda na ajiye mota.