Ranar da na yi alkafura a gaban surukina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tashi sama babu fiffike, kuma a gaban mutumin da nake roƙon ya ba ni 'yarsa.

Ni malamin fizik ne a wata makaranta a unguwar Shisha. Haifaffen Makka, ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma na haddace bidiyon masu zamiya a kanta, waɗannan da ke gangarowa daga dutse su yi tsalle su juya a sama. Da su nake koya wa ɗalibai darasi, har na fara jin kamar ni ma ɗan wasan ne.

Lokacin ina neman auren Maryam. Babanta, Baba Haruna, ya riga ya kori wani saurayi saboda wasan ganganci da mota, ya ce shi mai natsuwa yake nema. Sai ya gayyace ni fita daji da iyalinsa, can bayan unguwar Ka'akiyya inda tuddan rairayi suke. Kowa ya san jarrabawa ce.

Da farko na yi ƙoƙari wallahi. Na zuba gahawa, na sunkuyar da kai, ban cika ciki da mandi ba, shinkafar nan mai nama. Sai Faisal, wan Maryam, ya fito da allon zamiya kan rairayi, bakina kuwa ya ƙi zama (wannan ciwon malamai ne, ba shi da magani).

Na shiga bayani. Gudun gangara shi ke jefa mutum sama. In ka matse hannu a ƙirji juyinka ya ƙara sauri, in ka buɗe ya ragu, in za ka sauka ka lanƙwasa gwiwa.

Baba ya kurɓi gahawa ya ce, "Ya ustaz, ka taɓa yi?"

Da na ce a'a, da shi ke nan. Sai na ji bakina ya ce, "Ai lissafi ne kawai, Baba."

Faisal, mugu, ya tara ɗan tudu a ƙasan gangara ya ce, "Yalla, bismilla." Na hau da farin tob ɗina sabon guga, doguwar rigar nan har idon sawu. Can gefe mata suka juyo, na san Maryam na kallo.

Abin da ban saka a lissafi ba, rairayi ba ƙanƙara ba ne. Ƙanƙara santsi gare ta, rairayi kuwa riƙo. Ina isa tudun, hancin allo ya nutse ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba. (Wannan ma ina koyarwa: abin da ke tafiya ba ya daina tafiya sai an tare shi.)

Na tashi. Tsoro ya sa na ƙanƙame jikina, sai juyin ya ƙara sauri, daidai yadda na faɗa. Tob ya kife ya rufe min kai, dogon wandon ciki ya gaisa da jama'a. Gwiwar da za a lanƙwasa kuwa tana sama. Da baya na sauka, ƙafata cikin tiren shinkafa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina kwance baki cike da rairayi, a raina na ce Maryam ta tafi.

Baba ya taso a hankali, ya ɗage tob ɗin daga fuskata. Kafaɗunsa na rawa don dariya, hawaye na zuba.

"Salamat, ya waladi. Sannu, ɗana. Hannun ne ka manta ka buɗe."

Ashe duk bayanin ya saurara.

A mota ya ce wa Faisal, ina ji, "Wancan na motar bai taɓa faɗuwa ba, gobe ma zai sake. Wannan kuwa halas, magana ta ƙare, ya warke har abada. Su turo manyansu."

Yau 'ya'yanmu biyu da Maryam, kuma har yanzu in na yi sallama Baba kan ce, "Ku janye tire, ustaz zai sauka." Darasin ina nan ina koyar da shi, amma a kan allon bango, ƙafafuna biyu a ƙasa. In ɗalibi ya tambaya ko na taɓa gwadawa, sai in ce ya buɗe shafi na gaba.