Abin da na Samo a Layin Mai

Jiya na turo babur ɗina tun daga Ketare har gidan mai a Kankara, na iske layi ya kai bakin kasuwa. A ƙasar da rediyo ke cewa arzikin mai ya yi mana yawa! Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Alkawari, da ya rantse bara cewa fetur zai wadata kamar ruwan rijiya. Bai dai faɗi rijiyar wane gari ba.

Ba yawo ya fito da ni ba. Matata Safara'u kwananta ashirin da haihuwa, ta daina magana, ta ture kunun kanwa, in ta kalli jaririn sai hawaye. Na kai ta sabon asibitin haihuwa da Alhaji Mai Almakashi ya buɗe da kiɗa da rabon goro. Ƙofa a kulle, awaki a baranda. Ɗaya ma ta haihu lafiya, tagwaye. Shi ne na ce in samu mai in kai Safara'u wani asibitin a gaba.

A layin na tarar da maƙwabcina Barau. Ya dube ni ya ce, "Malam Gide, wannan fuskar ba ta rashin mai ba ce."

Ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓa. Na sunkuyar da kai na faɗa mashi.

"Matata Lauratu ta yi haka a haihuwar fari," in ji shi. "Wata biyu. Ni kau gona nika tahiya in zauna gindin ɗorawa, ko fartanya ban ɗagawa. Tsoro nike ji, ban san wa zan hwaɗa ma ba."

Shekara goma katanga ɗaya ta raba mu, ban taɓa sani ba. Lawwali da ke bayanmu ya yi gyaran murya, ya ce shi ma. Kafin la'asar mun kai mu bakwai masu irin wannan labari.

Mai bai zo ba. Amma yau da hantsi Lauratu ta shigo ta zauna da Safara'u. Na jiyo tana cewa, "Ni ma na ji kamar ɗan ba nawa ba ne. Ba mugunta ba ce, yana wucewa." Da azahar Safara'u ta nemi kunu. Ba ta warke ba, likita zai gan ta, amma ta yi magana. Matan unguwarmu sun yanke za su riƙa haɗuwa duk Laraba, mu maza kuma bayan Juma'a.

Don Allah kada labarin nan ya kai kunnen manya. Za su buɗe mana ofis, su naɗa Shugaban Masu Jego, kuma na san namiji za su naɗa.