Baba Ƙa'ida da Fararen Takalma

Duk wanda bai taɓa ganin Baba Ƙa'ida ya fita sayayya ba, to bai ga sayayya ba tukuna, yawon kasuwa kawai ya gani. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tsari. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani kamfanin fenti yana mataimakin mai kula da sito, kuma a tsawon wannan lokaci ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba sai da takarda. Shi da bakinsa yakan ce da ba don shi ba, da kamfanin ya rushe tuntuni. Yau shekara tara ke nan da ajiye aikinsa, kamfanin yana nan tsaye. Amma wannan taurin kai ne irin na kamfani.

Da ya dawo gida bai bar basirar ta lalace ba. Biro uku ne kullum a aljihun rigarsa, shuɗi na rubutu, ja na gyara, baƙi na sa hannu. Ko tsintsiya za a saya sai an kawo masa bayani. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, mace ce marar yawan magana. Yakan yaba mata a gaban baƙi, ya ce ba ta taɓa yi masa musu ba.

To, saura kwana biyu Kirsimeti sai babban aiki ya taso. Jikarsu, 'yar shekara shida, aka zaɓa ta fito a mala'ika a wasan yara na coci. Farar riga tana nan an goge, fukafukan kwali suna rataye a bayan ƙofa. Fararen takalma ne babu. Malamar wasan kuwa ta faɗa sarai, duk mala'ikar da ta zo gwajin gobe da safe ba fararen takalma, za ta koma cikin tumaki. Yarinyar nan bara tunkiya ce. Bara waccan ma tunkiya ce. Da ta kawo labarin, a tsakiyar falo ta tsaya ta ce ita ta gaji da rarrafe.

Uwarta tana asibiti wurin aiki. Mama ta ɗauki jaka za ta fita, sai Baba Ƙa'ida ya ɗaga hannu.

"Zauna. Wannan ba batun gishiri ba ne da za a shiga a fito. Aikin ƙwararru ne. Ni zan kula da shi da kaina."

Mama ta ce, "To, maigida." Ta zauna.

Ya sa yarinyar ta taka farar takarda, ya zana ƙafar dama. Ya sake takarda ya zana ta hagu, don a cewarsa ba a yanke wa ƙafa hukunci da shaidar 'yar'uwarta. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya jera a fayil. Ya dafa kanta ya ce, "Share hawayenki. Maganarki tana hannuna."

Titin shaguna ya cika maƙil. Fitilu masu ƙyalƙyali a kowace ƙofa, kowane shago da irin kiɗansa, mata da jakunkuna bibbiyu, wani mutum yana kokawa da bishiyar roba a bakin motar haya, bishiyar tana neman kayar da shi. Baba Ƙa'ida ya tsaya ya dubi jama'a cikin tausayi. Dukansu saye kawai suke yi. Ko mutum ɗaya bai ga mai fayil ba.

A shagon farko aka yi rashin sa'a, aka samu takalman nan take. Farare tas, da ɗan maɓalli a gefe. Ya ɗora su a kan zanen dama, daidai. A kan na hagu, daidai. Ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa dunduniyar a kan kanta, ya sansana cikin. Ya nemi aibi har ya yi gumi, bai samu ba.

Mai shagon ya ce, "Baba, a sa a leda? Su ke nan suka rage. Tun safe iyayen mala'iku ke shigowa."

Baba Ƙa'ida ya yi murmushin wanda ya sha jin irin wannan.

"Ɗana, ni da kake gani shekara talatin da ɗaya na yi a harkar kaya. A tsarin sayayya ba a saye a shagon farko. Sai an ga uku, a kwatanta, a zauna, sannan a amince. Da haka ake gane mai saye da mai kwasa."

"To in ajiye maka?"

"Ban nema ba. In na nema, na nuna na karkata ke nan."

"Allah ya ba da sa'a, Baba. Matsa kaɗan, akwai layi a bayanka."

A shago na biyu babu farare, sai ja da ruwan hoda. Wani zai juya ya fita. Baba Ƙa'ida ya zauna ya rubuta cewa babu, sannan ya yi wa mai shagon, wata mata, bayanin yadda ake jera kwalaye manya a ƙasa, ƙanana a sama. Matar ta saurare shi da kyau, domin a bakin ƙofa ya tsaya, ba ta da hanyar wucewa.

Shago na uku na takalman ma'aikatan gini ne. Ya daɗe yana nazari ko wannan zai shiga lissafin uku. A ƙarshe gaskiya ta rinjaye shi, ya soke da jan biro, ya tafi neman wani can ƙarshen titi. Kafin ya isa ƙarfe ɗaya ta yi, lokacin hutun rana. Bai taɓa taka wannan doka ba yana aiki, ba zai fara da tsufa ba. Ya sha shayi na awa guda cif.

Wajen ƙarfe huɗu, bayan ya ga na ukun, wanda farare ɗaya ke gare shi masu girman ƙafar uwar yarinyar, sai ya samu benci a gindin wata bishiya ya kira taro. Shi ne shugaba, shi ne sakatare. An tafka muhawara. Daga bisani aka amince da shagon farko ba tare da hamayya ba.

Ya koma yana tafiyar mai ɗauke da albishir.

"Ɗana, ina taya ka murna. Kai aka zaɓa. Kawo su."

Mai shagon ya ce, "An saye, Baba."

A nan fayil ɗin ya yi masa nauyi. Ya dubi wurin da takalman suke ɗazu, ya ga wasu baƙaƙe. Sai ya hango yarinyar a zuciyarsa, da farar auduga a baya, tana rarrafe a bayan makiyaya shekara ta uku, fukafukanta na rataye a gida. Amma babban mutum ba ya daɗewa cikin irin wannan hali, nan da nan ya gano mai laifi.

"Wane irin shago ne wannan da ake sayar da kaya ana tsakiyar nazari a kansu? Ina takardar sanarwa? Wa ya ba da izini? Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Baba. Matarka ta faɗa mini."

Mai shagon ya ci gaba.

"Ba ka fi minti goma da fita ba ta shigo. Ta ce, wani dattijo mai fayil ya zo nan? Na ce ya zo, ya tafi ganin uku. Ta ce to, miƙo su. Ta jefa a jaka. Kwalin ne ta bari, ta ce in ba ka da yamma, don kada ka ratsa unguwa hannu wofi."

Ya miƙo kwalin. Wata mata a layi ta kama tari. Baba Ƙa'ida ya duba kwalin ta kowane gefe, ya tabbatar ba shi da lahani, sannan ya karɓa.

Ya ɗauke shi da hannu biyu har gida. Mai aski na bakin layi ya leƙo ya ce, "Baba, an dace?"

Ya ce, "An kammala."

Tun daga ƙofa ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Yarinyar ce take zagaye teburin falo da gudu, fukafukai a baya, fararen takalma a ƙafa. Mama tana zaune tana ɗinke bakin labule. Ta ce, "Sannu da hanya, maigida. Kasuwa da cunkoso?"

Baba Ƙa'ida ya ajiye kwalin a kan tebur. Ya yi gyaran murya ya ce ba a fara amfani da kaya kafin a miƙa su a hukumance, don haka a cire a mayar cikin kwali. Yarinyar ta dubi Mama. Mama ta ce, "Cire ki ba shi, 'yar nan, mu samu mu ci abinci."

Aka cire. Ya jera su, ya rufe, ya miƙe tsaye. Ya yi jawabi a kan muhimmancin tsari, da wahalar da ya sha a shaguna huɗu, da yadda 'yan zamani ba su san darajar haƙuri ba. Yarinyar tana tsaye da safa, tana sosa ƙafa ɗaya da ɗaya. Da ya gama ya miƙa mata da hannu biyu. Ta zauna a ƙasa ta mayar da takalmanta, ta miƙe za ta ruga.

Mama ta ce, "Ke, ba za ki yi wa kakanki godiya ba?"

Yarinyar ta dawo, ta rusuna da ladabi yadda aka koya mata.

"Na gode da kwali, Kaka."