Gurun Kakana a Jirgin Abu Faisal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka keta mini riga da almakashi a gaban manyan mutane ba, ina kwance a rigingine kan jirgin ruwa, ina aman ruwan gishiri. Na so in manta, Allah ya sani. Amma har gobe in na ga jar fata, ko da ta takalmi ce, sai na kau da kai.

Ni mutumin Damagaram ne. Na daɗe a Jidda ina aiki a shagon kayan nutso na wani Balarabe, Abu Faisal, wanda kuma shi ne kafilina, wato wanda takardun zamana a ƙasar suke hannunsa. Yana da jirgi a Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, da yake kai masu hannu da shuni tsakiyar teku, su goya tukunyar iska a baya, su nutse ƙasa suna kallon kifi da murjani. (Kallo kawai fa, ba kamawa ba. Har yau ban gama gane wannan ba.) Aikina in cika tukwane da iska, in ɗauraye rigunan robar da suke sawa, in dafa shayi. In lokacin salla ya same mu a kan ruwa ni nake jan su, domin na yi karatun allo sosai, muryata kuma ba laifi. A nan suka laƙaba mini "ya shaikh". Na karɓi sunan hannu bibbiyu, har na sakar wa gemuna ya yi tsawo. Akwai abokin aikina Haruna, haifaffen Jidda, iyayensa mutanen Chadi. Wata rana na hango wani baƙin zare ɗaure a damtsensa, na zaunar da shi na yi masa wa'azin shirka har sai da ya tsinke zaren da haƙori. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duk shekara Abu Faisal yana kwasar manyan abokan cinikinsa ya kai su nutso wata ƙasa. A shekarar da nake ba ku labari ya zaɓi Folinisiya, tsibiran da ke kewaye da Tahiti, can ƙarshen duniya. Ba otal za a sauka ba. A jirgi za a kwana, a jirgi za a ci, yau a wannan tsibiri gobe a wancan, ana nutso safe da yamma. Ya nuna mana hotuna a waya: ruwa garai-garai har kana ganin inuwar jirgi a ƙasa, itatuwan kwakwa sun sunkuyo kansa. Ni da na tashi ina bin jaki zuwa rijiya, na kalli ruwan nan na ji kamar zagina ake yi.

Sai ya ce yana bukatar ma'aikaci ɗaya ya bi su, wanda zai sa ido a kicin kada a haɗa musu da abin da bai halatta ba, ya kuma yi magana da ma'aikatan jirgin. Ashe mutanen can Faransanci suke yi. Duk shagon kuwa ba mai jin Faransanci sai ni, da ɗan abin da na kwaso a lakwal, makarantar bokonmu, tun ina yaro.

"Kai ne, ya shaikh," in ji Abu Faisal. "In mun dawo kuma in canza maka sana'a a iƙama, takardarka ta izinin zama, ka tashi daga lebura ka koma jagoran masu nutso. Da wannan za ka iya neman ɗauko iyalinka. Sharaɗi ɗaya ne, duk wanda zai hau jirgin can sai yana da shaidar nutso. Ka iya ruwa?"

"Na iya," na ce, ko ƙiftawa ban yi ba.

Iya ruwan nawa shi ne tafkin bayan garinmu, da damina, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Amma mutumin da ya bar 'yarsa tana rarrafe, yanzu har ta fara sa hijabi bai gan ta ba sai a waya, ka tambaye shi ko ya iya tashi sama ma zai ce maka ya iya. A ranar na kira matata na ce ta fara shiri. Kafin Juma'a duk Sa'alaba, unguwar da nake zaune, an ji labari, domin ni na bi gida-gida ina yi wa mutane sallamar tafiyar da ko biza ba a nema ba. Har aka fara kirana Alhajin Tahiti, ina amsawa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, Goggo Ramma, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni ta zauna, tana sayar da turaren wuta da daddawa. Sunan mahaifinta gare ni, saboda haka Babana take ce mini. Ta saurare ni har na gama kurina, sannan ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta fito da wani guru na jar fata, layu jere a jikinsa.

"Da shi mai sunanka ya ƙetaro tekun nan daga Sawakin ta ƙasar Sudan," ta ce. "Jirginsu ya kife, aka rasa mutane, shi ya fito. Wanda ya ɗaura wannan, ruwa ba ya cin sa."

Na gyara zama na fara jawo mata hadisai.

"Babana," ta ce, "ajiye wa'azi, ɗauki guru."

Na ɗauka don kada ranta ya ɓaci. Haka na faɗa wa kaina a hanya, kuma na yarda.

Darussan farko a tafkin siminti aka yi, kaftin Hani ke koya mini, wani Bamisre mai haƙuri. Tunda ƙafata na taɓa ƙasa, na yi ta maza. Sai ranar shiga teku ta zo, ta kuma dace da ranar da Abu Faisal ya gayyato duk matafiyan su fita gwada kayansu. Wato a gaban mutanen da zan yi wa jagora za a gwada ni. Da jirgi ya yi nisa, gine-ginen Jidda suka shige hazo, na leƙa ruwan na ga shuɗi ne kawai, ba ƙasa. Na shiga banɗaki, na buɗe jakata, sai ga guru a ciki. (Kada ku tambaye ni wa ya sa shi.) Na ɗaura a ƙugu, na ƙulle tamau, na sake ƙullewa, na jawo rigar roba ta rufe shi. Na fito ina tasbihi a bayyane.

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina wanke rigunan nan, na fi kowa sanin ruwa yana shiga cikinsu. Kuma na tashi a garin dukawa, na san abin da rinin jar fata yake yi in ya ji lema. Tsoro ne ya kwashe mini duka biyun.

Muka sauka, muka durƙusa a kan yashi a wuri marar zurfi. Gaskiya na ɗan ji daɗi, wani kifi rawaya har ya zo ya leƙa fuskata. Sai kaftin Hani ya yi mini alama in cire gilashin fuska in mayar, kamar yadda muka saba yi a tafki. Na cire. Ruwan gishiri ya haura hancina ya daki tsakiyar kaina. Daga nan ban san abin da na yi ba, sai dai labari: wai na tofar da bututun iska, na kama kaftin Hani a wuya, na taka shi na yi sama. Aka jawo ni cikin jirgi kamar buhun gero, aka shimfiɗe ni a kan farin daɓe.

Sai jan ruwa ya fara tsiyaya daga ƙafar rigar, yana bin daɓen.

"Dam! Dam!" wani ya ƙwala ihu, jini ke nan. Wuri ya hargitse. Wannan na cewa murjani ne ya yanke ni, wancan na cewa kifi ne ya cije ni. A cikin matafiyan akwai likita, dattijo mai furfura, ya ture kowa ya durƙusa kaina da almakashi. Na ji sanyin ƙarfe a ƙirjina, na gane abin da ke shirin faruwa. Na riƙe hannunsa ina cewa lafiyata ƙalau, ya ce a danne ni, firgita ce. Ya keta rigar tun daga wuya har cibiya.

Ba rauni. Sai guru, ya sha ruwa ya kumbura, layu sun yi jere a kan tumbina, fatar cikina ta rine jawur.

Ku da ke gida ba za ku gane nauyin abin ba, domin a wurinmu laya abin a yi maka dariya ne a wuce. A nan sunanta sihiri, kuma dama baƙar fata irina ba ya bukatar hujja kafin a zarge shi da shi. Abu Faisal ya sunkuyo, ya ɗaga laya ɗaya da bakin almakashi, ko taɓawa bai yi da hannu ba.

"Esh hada, ya shaikh? Mene ne wannan?"

Da na yi shiru da ya fi. Da na ce kayan kakana ne, tsoro ya sa na ɗaura, wataƙila da an ji tausayina. Amma ni, limamin jirgi, na buɗe baki na ce:

"Wallahi ban san yadda aka yi ya zo nan ba."

Abu a ƙuguna, da ƙulli kan ƙulli. Haruna na tsaye riƙe da tawul, ya kalli gurun, ya kalli damtsensa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Likitan kuwa ya goge hannunsa a hankali, ya juya ya tambayi Abu Faisal, ba cikin raɗa ba: "Tun yaushe wannan yake dafa mana shayi?"

Don in wanke kaina, na yunƙura na kwance gurun da kyar, na wurga shi cikin teku ina a'uziyya da ƙarfi. Ya ƙi nutsewa. Ya tsaya nan gefen jirgi yana lilo, yana zubar da ja.

"Ba a zubar da shara a teku," in ji Abu Faisal. Ya miƙo mini doguwar sandar ƙugiya. "Yalla, ciro shi."

Haka na tsaya da yagaggiyar riga tana reto a ƙuguna, ina kamun gurun kakana, yana zillewa, manyan mutane na kallo. Abin da ya ƙetaro da mai sunana tekun nan, yau a cikin tekun aka kira shi shara, ni kuma na ce na'am. Da azahar ta yi ba wanda ya dube ni. Likitan ne ya shiga gaba. Na tsaya a ƙarshen sahu, na kusa da ni ya janye ƙafarsa kada ta taɓa tawa.

Abu Faisal bai kai ni ƙara ba, kuma ya tabbatar na san alfarma ce ya yi mini. "Halas, magana ta ƙare," ya ce da muka sauka. "Daga gobe kana sito a Khumra, can bayan gari." Maganar iƙama bai sake tayar da ita ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Haruna aka tafi da shi, wanda Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Matata ta kira tana tambaya ko su sayar da awaki tun yanzu, na ce ta dakata tukuna. Har yau tana dakatawa.

Na mayar wa Goggo gurunta a leda, na zayyana mata komai ina huci, ina jiran ta ba ni haƙuri. Ta shanya shi a kan igiya, ta juyo.

"Ruwa ya ci ka?"

"A'a, Goggo."

"To."

Da matafiya suka dawo, Haruna ya biyo ni har Khumra da tsaraba, wata 'yar ƙugiya ta ƙashi da aka sassaƙa, rataye a zare. "Mutanen can suna cewa tana tsare mutum a kan ruwa," ya ce. "Kullu wahid, kowa da kowa ya saya, wallah, har da duktur, likitan nan naka." Ya nuna mini hoto. Ga su jere a kan jirgi, rana ta gasa su, ana dariya, likitan nan da tasa a wuya. Ta Abu Faisal kuwa da idona na gan ta daga baya, tana lilo a madubin motarsa.

Na karɓa na yi godiya, na rataye ta a ƙusa a bakin sito, inda ruwan da ya fi kusa da ni shi ne na buta. Kullum in na ɗaga kai na gan ta sai in tuna karatun da na biya da tsada: laya in tana wuyan mai kuɗi sunanta tsaraba, in tana ƙugun lebura sunanta sihiri. Kuma duk wanda aka kama da kayan kakansa, ya daure ya ce nasa ne, domin ni na yi musun nawa, na rasa tafiyar, na rasa limancin, kuma ko gurun ma Goggo ta ce ba za ta sake ba ni aro ba.