Majinyacin da Ya Ƙi Fita Daga Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da makonni ukun da na yi ina yi wa kwamfuta sallama kowace safiya ba. Kuma ba sallamar wasa ba, cikakkiya, har da ɗan rusunawa.

A shekarun casa'in ne, lokacin ina sabon zuwa Suleja. Na zo neman aiki a Abuja ban samu ba, sai na kama hayar ɗaki a Magajiya, na kuma samu gurbi a wani ɗan asibiti mai zaman kansa a matsayin mai kula da katunan marasa lafiya. Abin da ya sa aka ɗauke ni wata takardar koyon kwamfuta ce ta wata uku da na yi a Kano (wata ɗaya daga ciki babu wuta, a kan allo muka yi ta zana maɓallai). Amma a asibitin nan kowa Injiniya yake kirana, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Wata rana mai asibitin, wanda duk muke kira Dakta, ya ce ya gaji da ɓacewar katuna. Yana son babbar kwamfuta guda da za ta riƙe bayanan kowa, ƙanana biyu su riƙa karantawa daga gare ta. Akwai wata mata a Gauraka mai suna Rifkatu, ita ce injiniya ta gaskiya, ta rubuta masa shawara a takarda: a sayi sabuwa matsakaiciya, a haɗa da na'urar da ke kwafe bayanai a kaset kowace yamma, da batirin riƙe wuta. Dakta ya ba ni takardar ya tura ni wani shagon kwamfuta a Kaduna.

A shagon na ga wadda ta rubuta. 'Yar ƙarama ce, ba ta da kwarjini ko kaɗan. A gefenta kuwa ga wata ta gwanjo, tsayinta ya kai ƙuguna, tana da tayoyi, tana da ƙofa da ɗan makulli. Mai shagon ya ga inda idona ya tsaya.

"Wannan faifai biyu gare ta, yallaɓai," in ji shi. "Duk abin da ka rubuta a ɗaya, ɗayan ya kwafe. Me za ka yi da kaset?"

Na gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sanin haka. Gaskiyar magana makullin ne ya saye ni. Na hango kaina da shi rataye a wuya. Ita na saya.

Ɗaki guda ne kaɗai mai na'urar sanyaya iska da babu kowa a ciki, can ƙarshen baranda, ba taga. Sai da muka tura ta ciki muka jona, sannan Sista Ladi, babbar nas ɗinmu, ta ce da ni a hankali, "Ka san nan muke kwantar da wanda ya cika kafin 'yan uwansa su zo ko?" Na ce mata kwamfuta ba ruwanta da wannan. Rifkatu ta zo ta haɗa wayoyi, ta dubi abin da na sayo, ta dube ni, ta ce ba wannan ta rubuta ba. Na ce mata an ci gaba. Ta ce to, ta tafi.

Wata guda komai lafiya. Sai wani majinyacinmu ya rasu, Malam Haruna, tela ne daga Iku, mai zuwa awon hawan jini kowane wata. Mutum ne mai yawan shiru, in ya zo yakan zauna a ƙarshen benci ya ɗora hularsa a gwiwa har a kira shi. Dakta ya ce in cire sunansa daga jerin masu zuwa awo. Na cire, na yi masa addu'a, da yamma na kashe na'ura na kulle ɗaki.

Washegari da na kunna ta, sai ta yi wani irin nishi mai tsawo da ban taɓa lura da shi ba, kamar mutum na juyi a kan gadon ƙarfe. Ta ɗauki kusan rabin awa tana yi. Da ta gama na buɗe jerin. Sunan Malam Haruna na nan a inda yake, da ranar da zai dawo awo a gabansa.

Na ce wataƙila ban danna daidai ba. Na sake gogewa, na duba sau uku, babu shi. Da safe ya dawo.

A rana ta huɗu na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da makulli a hannu na kasa shiga. Rana tsaka ce fa, ana jin hayaniyar masu babura a titi, amma ɗakin nan sanyi ƙalau, duhu, sai 'yar koriyar fitila guda tana ƙiftawa. Na lura in na matso nishin yakan canja sauti. Ranar na fara sallama. Na daina juya wa na'urar baya, da baya-baya nake fita. Na kuma daina goge sunan, sai dai in buɗe in dube shi in ce, "Malam, Allah ya ji ƙanka, ka yi haƙuri." In na fito baranda ba na yarda in dubi ƙarshen bencin nan.

Ban gaya wa kowa ba, don Injiniya ba ya tsoro. Abin da na yi shi ne na rubuta addu'o'i a takarda, na naɗe ta da zare, na buɗe ƙofar na'urar da ɗan makullina na cusa a ciki. Bayan kwana biyu na ƙara da ƙullin habbatus sauda. Nishin ya ƙaru, har da wani zafi-zafi da take fitarwa. Na ɗauka alama ce ta cewa abin yana jin jiki.

Asirina ya tonu ne ranar da wata mai juna biyu ta dawo a galabaice. Makonni biyu kafin nan Dakta ya sa na shigar da bayanin cewa akwai allurar da jikinta ba ya karɓa. Aka duba kwamfuta, babu matar ma gaba ɗaya. Allah ya taimaka Sista Ladi ba ta taɓa yarda da na'urar ba, tana nan tana rubuta katunanta a ɓoye, ita ta tsayar da allurar. Dakta ya aika aka ɗauko Rifkatu, ya tara mu duka a ɗakin.

"Injiniya," ya ce da ni, "me ke faruwa?"

Da na yi shiru da ya fi. Sai na rage murya, na nuna na'urar da haɓa, na ce, "Dakta, a yi magana a hankali. Malam Haruna ne. Bai tafi ba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Rifkatu ta miƙo hannu na ba ta makulli. Ta durƙusa ta buɗe, ta sa yatsu biyu ta zaro takardata daga cikin fankar da ke sanyaya na'urar, sannan ƙullin, ta ɗaga su sama kowa ya gani.

"Wa ya yi wa kwamfuta laya?"

Na dubi silin.

Cikin minti goma ta gano komai. Ɗaya daga cikin faifan biyu ya tsufa, ya daina karɓar sabon rubutu tun makonni uku. Ɗan batirin da ke tuna wa na'urar wane faifai ne mai sabon rubutu shi ma ya mutu. Don haka duk safiyar da na kunna ta, sai ta ɗauki tsohon ta shafe sabon da shi. Nishin da nake yi wa sallama ƙarar aikina na jiya ce ana share shi.

"Ba maganar mutum ɗaya da ya dawo ba ce, Malam," in ji ta. "Duk wanda ka shigar cikin makonni ukun nan ya ɓace. Ba ka taɓa neman ko ɗaya daga cikinsu ba?"

Ban taɓa ba. Mamaci ɗaya na tsare da ido, rayayyu suna ta zubewa ta bayana.

Dakta bai kore ni ba, abin da ya yi ya fi kora. Ya koma kirana da sunana na yanka, ya sa aka sayo abin da Rifkatu ta rubuta tun farko, ya kuma zaunar da ni kusa da Sista Ladi ina kwafe katunanta ɗaya bayan ɗaya, ita tana karanto mini kamar ɗan aji ɗaya. In ta gaji sai ta ce, "Je ka gaida mutumin naka, ka dawo mu ci gaba."

Tun daga lokacin, in na'ura ta yi abin da ban gane ba, ina yin addu'ata kamar kullum, amma a kan hanyar zuwa kiran wanda ya iya.