Sha-Rana Ta Rasu Sakamakon Wanki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Tsohuwar gidan nan, a madadin 'ya'yanta da jikokinta, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Sha-Rana, kwat ɗin marigayi mijinta. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinya a cikin injin wanki. Ta tsufa, babu musu. Amma ba tsufa ne ya kashe ta ba, tsafta ce.

Marigayiyar ta shigo gidan nan tun kafin a haifi ɗan fari. Tsoho, Allah ya jiƙansa, gyaran keken ɗinki yake yi gida-gida a kan kekensa na hawa, kuma duk inda ya sa ƙafa tare suke. Launinta na asali babu mai iya rantsewa a kai. Aljihun dama ya sha man keke har ya yi baƙi ya yi santsi. Gwiwar hannun hagu faci ne a kan faci, kowanne da irin zarensa, don da abin da ke hannu ake ɗinkewa. Amma duk kyanta a baya yake. Igiyar jakar kayan aiki ta kwanta mata daga kafaɗar dama zuwa ƙugun hagu shekara da shekaru, rana ta ƙone ko'ina ta tsallake wurin, ya zama layi guda mai duhu, kamar 'yar hanyar ƙafa a cikin busasshiyar ciyawa.

Ba ta da yawan magana. In an ɗauke ta daga ƙusa ta ce ƙwaras. In ana tafiya da ita ta ce kacau-kacau, saboda wasu 'yan notina na keken ɗinki da suka faɗa cikin shafinta tun tuni suka ƙi fita. Da wannan kacau ɗin Tsohuwa ke sanin mai gida ya shigo layi. Bayan rasuwarsa aka rataye ta a bayan ƙofar ɗaki. Tsohuwa ba ta taɓa cewa tana shinshinarta ba, kuma babu wanda ya taɓa kama ta.

A ƙarshen rayuwarta ne marigayiyar ta sami aikin da ya fi na kowa a gidan. Jikar Tsohuwa, wadda ake kira Tela-Ba-Allura, ɗinki take yi wa mutanen cikin kwamfuta, waɗannan da ake wasa da su. Ba sa ci, ba sa jin sanyi, amma sai an yi musu sutura, har da fatar jiki. Sai ta samo hoton yadi na gaskiya, kusa-kusa har ana ganin zare, ta shimfiɗa musu a jiki. Fata ma haka. Bara ta ɗauki hoton gwiwar hannun Tsohuwa da bayan wuyanta, ta ce don tarihi ne. Daga baya aka gan su a jikin wani ƙaton ƙadangare mai aman wuta. An yafe, amma ba a manta ba.

To, wani kamfani ya ba yarinyar gwaji, ta yi rigar wani tsohon matafiyi. In ta yi kyau su ɗauke ta aiki, ta huta da tsince-tsincen da take yi tun da ta gama makaranta. Ta yi ta laluben hotuna a intanet har idonta ya kaɗa. Wannan sabo fil yana sheƙi. Wancan an buga masa tambari a tsakiya. Wani inuwa ta raba shi biyu, wani kuma da an ƙara masa girma sai ya dagule. Ta sa kwamfuta ta ƙirƙiro mata, ta kawo riga da faci a tsakiyar ciki, inda ko mahaukaci ba ya yagewa. Tsohuwa ta leƙa ta ce wannan rigar ba ta taɓa zuwa ko bakin ƙofa ba. Ta tashi ta ciro Sha-Rana.

Ashe ɗaukar irin wannan hoto sai ranar da hadari ya rufe rana, don kada inuwa ta shiga. Ranar Litinin aka dace. Aka shimfiɗa marigayiyar a baranda, aka ɗauki gabanta da aljihu da hannu da maɓallai. Ana shirin juya ta rana ta buɗe. Jika ta ce a bar bayan sai gobe, ta ɗora ta a kan kujera, ta tura wa kamfani gaban. Suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, a aiko da bayan kafin Asabar.

Nan ajali ya shigo da takalmin soso. Autan Tsohuwa, kawun yarinyar, bai daɗe da yin ritaya ba, ya sayi injin wanki, tun daga ranar babu abin da ya tsira a gidan. Labule ma sun rame. Ya ji ana cewa duniya za ta ga rigar babansa. Ya ce a ransa, shi yana raye ba za a nuna ubansa da dauɗa ba, a ce mutumin bai bar 'ya'ya ba. Bai gaya wa kowa ba, don so yake ya ba da mamaki.

Talata Jika ta raka Tsohuwa gwajin ido. Auta ya haɗa ruwan zafi da garin sabulu da ruwan nan mai warin asibiti. Maƙwabciya ta shaida cewa ta ji marigayiyar tana kacau, kacau, kacau a cikin injin, can kuma ta ji shiru. Da ta fito dabbare-dabbare Auta bai karaya ba. Ya rina ta shuɗi, ya busar, ya kai wa telan bakin titi ya ɓamɓare facin ya sa sabo, aka jera mata maɓallai iri ɗaya, aka goge, aka sa a leda. Suka dawo suka same shi tsaye yana murmushi, notinan a tafin hannunsa, wai ya cire mata abin da ke damunta.

Jika ba ta yi kuka ba, zama ta yi a ƙasa kawai. Tsohuwa ta karɓa ta kai hanci, ta ji ƙamshin lemon tsami. Ta buɗe baki za ta sauke masa kwandon masifa, sai ta ga ƙaton mutum mai furfura yana jiran a ce ya kyauta wa ubansa. Da wa za a yi faɗan? Ta ce masa sannu da aiki, ɗan albarka.

An yi iya ƙoƙari a ceto ta. An jiƙa ta a ruwan shayi, an ja ta a ƙasa, an goga mata man keke, ta fito kamar sabuwar riga da aka ci wa mutunci. Auta, da ya gane ɓarnar da ya tafka, ya cusa kansa a ciki, ya rataya jakar, ya tsaya a rana har jiri ya ɗebe shi, alhali ta ƙanƙance ko cibiyarsa ba ta rufewa. Jika ta gwada zana bayan daga bakin Tsohuwa. Tsohuwa tana ganin layin nan tar in ta rufe ido, amma babu waya da za a jona mata a kai a kwafo. Ta ce a ƙara duhu, aka ƙara, ta ce ba haka ba. Aka rage, ta ce ba haka ba. Aka tono hotunan iyali kaf, a kowanne Tsoho yana kallon mai hoto, ya ƙame kamar za a yi masa allura. Babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar bayan mutum.

Ta rasu ta bar ƙusarta a bayan ƙofa, da jakar kayan aiki, da ƙanenta wando, wanda aka kai wani wuri da ba za a faɗa a nan ba saboda Auta na iya karantawa. Ta bar Jika da rabin riga, ga Asabar na matsowa. Ta bar Auta, wanda yanzu sallama yake yi kafin ya shiga ɗakinsa na kansa. Ta bar Tsohuwa.

Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis a barandar gidan, in hadari ya rufe. In rana ta buɗe, an ɗage. Ana roƙon masu zuwa kowa ya sa tsohuwar rigar da ta fi shan wahala a gidansa, kada a wanke, kada a goge. Da an yi gaisuwa a juya wa masu makoki baya a tsaya cak, ba za a ɗauka raini ne ba. Jika ba ta sa rai, amma za ta duba ko a dace da bayan riga mai irin layin nan. Kada a kawo sabulu ko turare. Injin wanki zai zauna babu wuta har a tashi.

Mai son ganin marigayiyar gani na ƙarshe kada ya dubi shuɗiyar da ke cikin leda, ba a san wannan ba. Za a kunna kwamfuta a falo, matafiyin na tsaye sanye da ita yana fuskantar kujerar Tsohuwa. A kalla da ido kawai, kada yara su taɓa abin murzawar nan mai juya hoto. In aka juya matafiyin, babu komai a bayansa.