Wutar da na gano a gonar baban Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gano wutar lantarki a Kunduru ba. Ko na so in manta ma, 'yan tashar babur na Kankia ba za su bari ba.

Lokacin acaɓa nake yi (kafin nan na taɓa gyaran waya, na sayar da kankana, na yi yaron mota, makaranta kuwa tun aji biyu na sakandare muka rabu lafiya). Ina neman wata yarinya Rabi a Kunduru. Babanta, Malam Isiyaku, magana ɗaya ya yi: ba zai ba da 'yarsa ga wanda kowane wata sana'arsa daban ba. In nuna masa abin da na tsinana tukun, sannan manyana su zo.

Ana haka sai ga wasu masu bincike daga wata jami'a, shugabarsu wata Dakta mai gilashi. Aikinsu bin rijiyoyin burtsatse daga Kankia zuwa Kusada, su zura wata doguwar waya mai na'ura a baki, su auna zafin da ke can ciki. Ni ke kai su ƙauyukan da mota ba ta shiga. Wata rana na ce, "Dakta, wai mi kuke nema a rijiya?" Ta ce can ƙasa sosai duwatsu zafi gare su kamar murhu. In aka haƙa rami mai zurfin gaske aka tura ruwa, sai ya dawo tururi, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. Ba fetur, ba gas, ba ɗaukewa. Ta ƙara da cewa su yanzu awo kawai suke, ba su ma san ko yankin namu zai yi ba. (Wannan na ƙarshen bai shiga kunnena ba. Ni dai "ba ɗaukewa" na ji.)

Wata safiya na sauke fasinja a Kunduru, na yanko ta bayan gari, fitsari ya matse ni daidai gonar Malam Isiyaku. Na tsuguna gefen wani tarin kara, sai na ji zafi yana ratsa silifas ɗina. Na ture karan. Ƙasa zafi zau, ga hayaƙi siriri yana fita ta tsaga.

Jama'a, a tsugunen nan na ɗaura aure. Na ga kaina da hular kwano irin ta injiniyoyi, na ga Malam Isiyaku yana nuna ni yana cewa "surukina ne ya gano".

Da mai hankali ne, Malam Isiyaku zai fara samu. Ni kuwa so nake in ba shi mamaki. Na tafi wajen Dakta na faɗa mata, ta ɓata fuska ta ce, "Hayaƙi? Anya? Zafin da muke nema ba ya leƙowa sama haka." Na yi ta rantsuwa har ta gaji ta ce mu je. Ban tsaya nan ba, na biya na sanar da mai gari, shi kuma ya taho da dattawa, har da Baba Sani, yayan Malam Isiyaku. Kafin mu isa gonar rabin gari na bayanmu.

Aka aika kiran Malam. Da ya hango inda muke tsaye sai tafiyarsa ta canza. Ni na ɗauka murna ce.

"Baba, albishirinka!"

"Kai, wa ya ce ka kawo mini mutane nan?"

"Arziki ne, Baba. Ka dai tsaya ka gani."

Dakta ta sunkuya ta shinshina, ta ce a hankali, "Ni fa ƙaurin itace nake ji." Ban saurare ta ba. Na karɓi shebur da kaina, ina haƙa ina yi wa jama'a bayanin tururi da inji kamar ni na ƙera su. Shebur ya daki wani abu baƙi. Na ɗago shi sama, yana ƙona mini yatsu, na ce da ƙarfi, "Dakta, ga dutsen! Har ya ƙone!"

Ta cire gilashinta ta ce, "Gawayi ne."

Ni da na tashi ina ganin ana binne itace a rami, a rufe da ƙasa, ya ci wuta a hankali ya zama gawayi, ni ne ban gane ramin gawayi ba.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Ashe kwanakin baya an wayi gari an sare wata tsohuwar ɗorawa ta gadon su Malam, wadda mai gari ya hana kowa taɓawa, kuma Malam Isiyaku ya fi kowa tsine wa ɓarayin itace. Baba Sani ya leƙa ramin, ya dubi ƙanensa ya ce, "Isiyaku, ashe ɓarayin nan a gida suke kwana?"

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da na ji sanyi. Mai gari ya gyara rawani ya ce a same shi a fada bayan azahar. Malam ya juyo gare ni, ina nan riƙe da shebur.

"Ɗana, ka gama binciken?"

"Na gama, Baba."

"To, da gidana ma ka gama."

Rabi yanzu tana Tafashiya, wani tela ya aure ta (shekara da shekaru kan keke ɗaya, ka ga irin wanda Malam ke so). Su Dakta sun kwashe wayarsu sun tafi, sun ce sai sun yi nazarin awon. Wuta kuwa har yau ana ɗaukewa. A tasha Injiniya Gawayi suke kirana, na gaji da hanawa, yanzu amsawa nake.

Abin da na koya bai da yawa: in ka ga ƙasa na hayaƙi a gonar mutum, an kuma lulluɓe ta da kara, to mai gonar ya riga ka ganowa. Gama fitsarinka ka hau babur.